Firjin Ɗakin Ajiya

Ruwan sanyi na je ɗaukowa. Tsakar gida ta cika da 'yan taya murna, mata na guɗa suna watsa wa yayana Gassan shinkafa, don ya ci zaɓen shugabancin garinmu. Ruwan kicin ya ƙare, sai na bi ƙugin wani firji zuwa ɗakin ajiya. Na buɗe.

Babu ruwa. Kwalayen insulin ne, allurar masu ciwon sukari, jere tun daga sama har ƙasa, kowanne da hatimin asibitin da nake aiki.

*

A birnin Minsk, can ƙasar waje, na karanci haɗa magunguna. Da na dawo yankinmu na Biƙa, kusa da iyakar Siriya, na samu aiki a ƙaramin asibitin da wata ƙungiyar agaji ta buɗe saboda 'yan gudun hijirar Siriya da ke zaune a tantuna bayan gonakin dankali. Ba a tambayar kowa ƙasarsa. Rabin masu bin layi 'yan garinmu ne, har da Umma, mahaifiyarmu, mai ciwon sukari.

Da sanyi ya shigo, insulin ya fara yankewa. Mai kula da sito, ƙanin matar Gassan, ya ce kayan ne ba sa isowa cikakku. Muka riƙa sallamar mutane hannu wofi. Wata 'yar Siriya ta dawo sau da yawa da ɗanta a kafaɗa, daga baya ta daina zuwa.

Gassan kuwa ya samu abin faɗa a taro. "Baƙi sun shanye maganin iyayenku! Ku zaɓe ni, in kwashe tantunan nan." Na gaya masa a gida cewa ba haka ba ne, kuma ƙungiyar za ta rufe asibitin in aka kore su. Ya ce siyasa ba kantin magani ba ce.

*

Gassan ya same ni tsaye a ɗakin ajiyar, ƙofar firjin a buɗe. Ya turo ƙofar ɗakin da ƙafa.

"Rufe mana, Dalal, sanyin zai fita."

"Yaya, mene ne wannan?"

"Ke da kika je har ƙasar ƙanƙara karatu, ni za ki tambaya?"

"Na asibiti ne."

"Na Umma ne. Zai kai ta shekara biyu."

"Ba zai kai ba. Rabinsa zai lalace kafin ta taɓa shi."

Wannan kaɗai ya ɗan girgiza shi. Ya ɗauki kwali ɗaya yana neman kwanan wata.

"Kai ka kwashe, sannan ka hau mota da lasifika ka ce su ne?"

"Ai ke kika ce za a rufe asibitin. In bar uwata a layi? Kuma mutane na son wanda za su zarga. Ni ban ƙirƙiro fushinsu ba, na same shi ne a ƙasa na ɗauka."

"Akwai yaron da uwarsa ta daina kawowa."

"Wataƙila sun koma ƙasarsu."

"Zan faɗa."

"Faɗi mana. Ki fara da Umma. Ki ce mata ɗanta ɓarawo ne, allurar da za ta yi yau ta sata ce. Kin san ta. Za ta daina yi, ko da za ta mutu."

Na san ta. Ya karkaɗe shinkafar da ke kafaɗarsa, ya fita. Guɗa ta sake tashi.

*

Aka ƙwanƙwasa ƙofa, na rufe firjin. Kawu Abu Nazih ne, maƙwabcinmu, yana dogara sanda. Ciwon sukari ya ci masa yatsun ƙafa bara. Hoton Gassan na manne a ƙirjin rigarsa.

"'Yata, a nan kika ɓuya? Mun yi nasara. Yanzu da za a kwashe mutanen nan, magani zai ishe mu, ko? Ki ajiye mini nawa tun wuri, kada tsofaffin matan nan su riga ni." Ya yi dariya, ya share gumi. "Akwai ruwa mai sanyi a ciki?"

Hannuna na kan marfin firjin. Ta taga ina hango Umma a kujerarta, ta ɗaga gefen riga za ta yi allura, jikarta na riƙe mata auduga.

"Babu, Kawu," na ce. "Zo in ɗebo maka na famfo."