Sunan Ɗan Farin Hajaratu

…kuma da bakinta ta yi tambayar, abin da ke cin Zinnira ke nan. Ita da take 'yar fari. Tana zaune a tsakar wani gida a Durun, farantin zogale tsakaninta da Inna Hajaratu. Dogon hutu ne ya kawo ta daga jami'a, koyon bincike kan ciwon damuwa, wai za a haɗa da na wasu ƙasashe. Ki fara da sunan mamacin, haka malamarsu ta ce a Gwarzo, jin sunan yana sa mutum ya saki jiki. A waɗancan ƙasashen wataƙila. A nan — uwa ta kama sunan ɗanta na fari? Yana raye ma ba ta yi ba, balle da rafi ya ci shi farkon damina.

Barci? Alhamdu lillahi. Abinci? Alhamdu lillahi. Wuya kuwa duk ya zama ƙashi. Kakar marigayin ce ta raɗa mata a zaure cewa Hajaratu ba ta yi kuka ba, kunya ta hana, ita tsohuwar ce ta yi kukan duka… amma kullum sai an je an janyo Hajaratun daga bakin rafin.

Ta riga ta gaya wa Hajaratu ma'aikaciyar jinya za ta zo Kabo, Laraba ce ko Alhamis, waɗanda suka ce ba su da lafiya kaɗai za ta gani. Wadda ta ce alhamdu lillahi fa? Direban motar da ta kawo ta yana ta hon a waje. Ya yi ta yi. Ta tuna tata innar a tashar Kara ranar da za ta tafi makaranta, kai a sunkuye, tana miƙa wa Gwaggo ƙullin dambu — a ba waccan. Shekara nawa tana ɗaukar wannan a rashin so?

Zinnira ba za ta tashi ba. Ta jawo farantin, tana tsinke ganye. Motar ta tafi ne, ko tana nan…

"Ke ce ta fari a gidanku?"

"E, Inna."

Hajaratu ta daɗe tana juya tsinke ɗaya.

"In za ki raka ni, zan je Kabon. Amma kada su tambaye ni sunansa."

Za su tambaya. Da shi ma za su fara. Dole ta riga ta shiga ɗakin, ta tsaya gabansu, ɗaliba ce kawai, ta ce… ta ce me? Ita ma ai ɗazu ta gane.