Wadda Za A Iya Gudu Da Ita

Muttaka mai shago ya jera kwamfutocin hannu biyu a kan kanta, ƙarama da babba, Baba Wakili ya tsura musu ido kamar mai zaɓen rago. Rachel, malamar firamare da katanga ɗaya ta raba gidajensu, ita ta riƙo shi har kasuwar Birnin Gwari, don tari ya riga ya cinye shi.

Ba ƙwalisa ta kawo shi ba. Shekara talatin shi ke raba gardamar iyaka a ƙauyensu na yankin Kuyello, kafin 'yan bindiga su watsa garin. Yanzu ciyawa ta shafe gonaki, dattawa suna ta ƙarewa, iyakar kowa kuwa tana cikin kan tsohon nan kaɗai. Littafin da ya taɓa rubutawa ya ƙone tare da ɗakinsa.

Rachel ta dage a kan babbar, wai rubutunta ɓaro-ɓaro ne, zai gani da idonsa. Muttaka ma, ba sai an faɗa ba, babbar yake yabo. Ƙaramar rabin kuɗi ce, ga sanyin jiki. Baba ya jinjina kowacce a hannu, sannan ya zura ƙaramar a aljihun babbar rigarsa. Ta shige tsaf.

"Malama, ni faɗa zan yi, ke ki gani. A ba mu wadda za a iya gudu da ita."

Rachel ba ta ƙara musu ba.

Kullum bayan la'asar yana kishingiɗe a tabarma yana zayyano mata iyakoki tana rubutawa: daga tsamiya mai kogo zuwa suri, a bi rafi har dutse. In ta yi jinkiri, ya ce ita da na'urar duk jiran albashi suke. Da gonakin marayu da matan da suka rasa mazajensu ya fara, don su ake fara cuta. Tasa ya ce a bar ta ƙarshe.

Ranar Talata ya ce, "Gonar Wakili, daga…" sai tari ya sarƙe shi, ya yi mata alamar sai gobe. Da hantsin Laraba ya cika. Rachel ta yi kukan rashin uba.

Ranar uku matan ƙauyen da ke gudun hijira a garin suka cika tsakar gida, kowacce tana so a karanta mata tata. Da Rachel ta iso layin ƙarshe, ta karanta "Gonar Wakili, daga…" sai rubutun ya ƙare. Inna Muslimat, wadda ta shekara goma tana ja da shi a kan wata kaɗanya da ke tsakanin gonakinsu, ta matso.

"Rubuta, 'yata. Daga kaɗanya. Kaɗanyar ma tasa ce, ni dai rigima nake ji."

Rachel ta gyara kwamfutar a cinyarta. Tsohuwar ta leƙo, tana bin baƙaƙen da yatsa, alhali ba ta iya karatu ba.