Jaka Mai Lamba Sha Huɗu

A kamfanin nan babu na'urar da ke shiga ko fita sai ta bi ta hannun Malam Lamba. Ranar da kwamfuta ta iso zai ba ta lamba, ya rubuta wanda aka miƙa wa, ya rubuta ranar da za ta cika shekara biyar a yi mata ritaya. A nan ya samo sunan. Matarsa takan ce da tukwanenta na aiki da lantarki, da tuni sun shiga rajista.

Abu ɗaya ne ya gagare shi, sitika. Kwamfutocin hannu suna ɗaukar zafi, in ya manna lamba a ƙasansu, kafin wata guda ta naɗe ta faɗi. Ya gwada gam, ya gwada salatif, duk a banza. Da ya gaji sai ya yi dabara: ai kowace kwamfuta da jakarta take zuwa, jaka kuwa ba ta zafi. Sai ya koma manna lambar a jikin jaka. Shekara bakwai yana haka, ba wanda ya ce masa kanzil.

Ranar wata Talata wa'adin guda huɗu ya cika: tara, sha ɗaya, sha huɗu da sha bakwai. Ya sanar kowa ya ajiye tasa a ɗakin taro. Da safe ya shiga, ya duba lambobin jakunkunan da ke kan tebur, ya kwashi nasa huɗu ya zuba a motar kamfani, ta tafi da su wajen mai huda. Ƙa'ida ce, kwamfutar da ta yi ritaya sai an huda faifan da ke cikinta da inji, don kada sirrin kamfani ya fita.

Wajen ƙarfe sha ɗaya Manaja ya turo ƙofar sito ba sallama.

"Lamba, wa ya ɗauke mini kwamfuta a ɗakin taro? Na ajiye na je amsa waya."

"Taka ai lamba talatin da biyu ce, yallaɓai. Ban taɓa ta ba."

Sakatariya, wadda ke tsaye bayan Manaja da fayil a ƙirji, ta yi gyaran murya.

"Zif ɗin jakarsa ne ya lalace tun wata biyu, na ba shi tawa."

Malam Lamba ya juya wajenta. "Anti, taki lamba nawa ce?"

"Sha huɗu."

"To ina kwamfutar taki, da na ce a kawo?"

"Tana durowa cikin rigar filo. Ka ce a kawo sha huɗu, ita kuwa yanzu ba ta da lamba."

Manaja ya dafe bango. Ya ce rahoton shekara na ciki, shafi tamanin, wata uku yana fama da shi, kuma gobe masu kamfani za su zauna a kansa. "In rahoton nan ya salwanta, Lamba, kai ma yau ka cika shekara biyar."

Mai hudar ƙanen matar Malam Lamba ne, ana ce masa Ƙusa. Malam Lamba ya kira shi sau bakwai bai ɗauka ba, don in yana kan inji ko tsawa ba ya ji. Sai ya ari babur ɗin mai gadi, wanda burkinsa sai an haɗa da ƙafa, ya kutsa titi. Ya kusa shiga ƙarƙashin motar yashi, ya ba wa wata tsohuwa haƙuri bai tsaya ba, takalminsa ɗaya ya faɗi a shatale-tale bai waiwaya ba.

Ya tarar da Ƙusa a bakin shago yana karkaɗe garin ƙarfe daga wando. A kan benci ga faifai huɗu a jere, kowanne da rami uku.

"A'a, mijin Yaya! Korar ka ta yi da takalmi ɗaya?"

"Sha huɗu," in ji Malam Lamba, yana haki. "Ka huda?"

"Da ita na fara. Kai, kamfaninku akwai gata! Sabuwa fil, ko ledar allonta ba a ɓare ba, har na ce ko kun haukace."

"Da ka ga haka me ya hana ka kira ni?"

"Kai ka ce mini aikina huda ne ba tunani ba. A gaban Yaya ka faɗa."

Malam Lamba ya zauna a kan wata matacciyar firinta ya riƙe kai. Ƙusa ya bar shi ya ɗan dahu, sannan ya zaro filash daga aljihu yana kaɗawa. Ya ce tun da wata mata ta yi masa birgima a shago saboda hotunan 'ya'yanta, ba ya huda komai sai ya kwafe, ya ajiye mako guda sannan ya goge.

Malam Lamba ya rungume shi har da sa masa albarka. Suka soka filash ɗin a kwamfutar shago, don ya gani da idonsa kafin ya koma. Ga fayil nan, Rahoton Shekara. Ya buɗe. A sama an rubuta sunan rahoton da manyan haruffa. Ƙasa da shi an rubuta "Gabatarwa". Daga nan sai fari tas. Ya gangara, ya sake gangarawa. Shafi ɗaya ne.

"Sauran saba'in da tara fa?" in ji shi.

"Wallahi yadda na samu na kwafe. Injina rami yake yi, ba ya cin rubutu."

A hanyar komawa bai yi gudu ba. Ya tarar da rabin ma'aikata sun taru a bakin ofishin Manaja, shi kuma yana ta kai da komo.

"Yaya aka yi?" in ji Manaja.

"An huda, yallaɓai. Rami uku."

Manaja ya rufe ido, ya saki wani dogon numfashi, kafaɗunsa suka sauka kamar an ɗauke masa buhu. Sai ya tuna ana kallonsa, ya daki tebur. "Wata uku! Shafi tamanin! Ka tattara naka ya naka!"

"To, yallaɓai. Amma zan so in miƙa maka wani abu mu biyu."

Da aka rufe ƙofa ya ajiye filash ɗin a kan tebur, ya ce an kwafe komai kafin a huda.

Manaja ya kalli filash, ya kalli Malam Lamba. "Ka buɗe?"

"Na buɗe."

"Ka karanta?"

"Duka, yallaɓai. Bai ɗauke ni lokaci ba."

Manaja ya ja durowa, ya tura filash ɗin ciki da gefen hannu, ya rufe da makulli. Sannan ya buɗe ƙofa ya shaida wa jama'a cewa ya yi tunani, kuskure kowa na yi, kuma ba zai raba mai iyali da abincinsa a kan takarda ba. Zai roƙi masu kamfani su ƙara mako biyu. Sakatariya har da share ƙwalla.

Malam Lamba ya juya zai fita, Manaja ya riƙo hannun rigarsa, ya rage murya.

"Lamba, kai da ka saba rubuce-rubuce, ka taɓa rubuta rahoto?"

"Ban taɓa ba, yallaɓai."

"Jawo kujera."