Guntayen da Na Ɓoye wa Baba

Ranar da Yaya ya shigo da keken guragu gidanmu, wallahi saura kaɗan in jefa masa kujera. Sabo fil, ko ledar ba a cire ba, ya turo shi tsakiyar falo yana murmushi kamar ya kawo mota.

"Baba ne ya ce in kawo," in ji shi, da ya ga fuskata.

Wata biyar ke nan da ɓarin jikin Baba na hagu ya shanye. Likitan da ke motsa masa ƙafa ya faɗa mana ƙiri-ƙiri: in ya daina takawa kullum, ƙafar za ta sanƙare, shi ke nan sai zama. Baba kuwa, mutumin da ya yi shekara talatin da takwas yana tuƙa bas har abokan aikinsa suka laƙaba masa Ba-Birki, ya gaji da jan ƙafa a baranda.

"Yau kamar jiya, jiya kamar shekaranjiya," ya ce. "Ni direba ne, Malama. Na san motar da ta tashi daga aiki."

Malama yake ce mini in yana son ya tsokane ni, don ina koyar da kimiyya a sakandare. Raina ya ɓaci, tsoro kuma ya kama ni. Na ce ya ba ni sati huɗu. In ban nuna masa a takarda cewa gudunsa na ƙaruwa ba, ni da hannuna zan cire wa keken leda.

Washegari na aro wata 'yar na'ura daga ɗakin gwajin makarantarmu. Ba ta fi sabulun wanki girma ba. Ana zura mata siririn tef na takarda, ita kuma tana buga masa ɗigo hamsin a kowane sakan. In abin da ke jan tef ɗin yana tafiya a hankali, ɗigon sai su cunkushe. In yana sauri, sai su ware. Ɗalibaina da ƙaramar amalanke suke yi. Ni na ɗaure tef ɗin a bel ɗin Baba ta baya.

"Yanzu kuma wutsiya kika yi mini?"

"Taka dai, Baba."

Na kunna, ta kama ƙara trrrr, shi kuma ya dogara sanda ya kama hanya daga ƙofar falo zuwa ƙarshen baranda, taku goma sha biyu na mai lafiya. Da ya kai, na zauna a ƙasa da fensir ina ƙirga ɗigo hamsin-hamsin har idona ya yi ja, ina yankewa da almakashi. Kowane yanki tafiyar sakan ɗaya ke nan. Na jera su a tsaye a kan kwali, kafaɗa da kafaɗa, na manne da gam. Dogon yanki sauri, gajere sanɗa. In ka ja layi ta kawunansu, ga tafiyar mutum nan a zane, ba gardama.

Tun ranar farko na ga abin da ban so ba. Yankunan suna hawa sannu-sannu, sai a tsakiya su faɗi kwatsam: guda uku, gajeru, ba su kai ɗan yatsa ba, ɗigonsu a cunkushe kamar tururuwa a kan sukari. Bayansu kuma su sake hawa. Na ce gajiya ce. Sati na biyu, ga su nan. Sati na uku, sauran duk sun ƙara tsawo, su kuwa uku ɗin nan ko gezau. Na ce a raina ƙafar ce take ɗaukewa a tsakiyar hanya, kuma in Baba ya ga wannan rami, ya samu hujjar da yake nema.

To, ni da nake hana ɗalibi maki in ya gyara sakamakon gwaji, ni ce na ɓamɓare guntayen nan daga kwalayen duka, na matso da sauran, na cusa su cikin aljihun jakata. Kunya? Na ji. Amma na fi jin tsoron keken nan da ke jingine a bayan ƙofa.

Ranar da sati huɗu suka cika, da yamma, na jera kwalaye huɗu a kan tebur. Yaya ya zo ya tsaya a kaina. Na yi bayani kamar ina gaban aji: ga satin farko, ga na ƙarshe, a dubi yadda layin ya ɗaga. Har da rula na auna musu.

Baba ya saka tabarau, ya jawo kwalin ƙarshe. Ya bi yankunan da yatsa ɗaya bayan ɗaya, leɓensa yana motsi.

"Kin ce kowane ɗaya sakan ɗaya?"

"Ƙwarai."

"Sha huɗu na gani. Ni kuwa sha bakwai nake yi."

Na ce ai ba agogo a hannunsa. Ya kalle ni ta saman tabarau, irin kallon da yake yi wa kwandasta in ya yi ƙarya.

"Shekara talatin da takwas ina ƙirga tazarar mota da mota a kaina, ke za ki gaya mini sakan? Wannan hanyar da kika zana ta yi santsi da yawa. Akwai inda nake rage gudu. Kin sace mini hanya, Malama. Fito da ita."

Yaya ya fashe da dariya. Na galla masa harara, sannan na zazzage aljihun jakar a kan tebur. Guntaye goma sha biyu, duk sun lanƙwashe. Na ce, "Tsoro na ji, Baba. Ƙafar tana ɗaukewa a nan."

"A ina?"

Ban taɓa tambayar kaina ba. Ina da sakan, ina da santimita, amma ban taɓa ɗaga kai na dubi barandar ba, idona kullum yana kan na'ura. Na ɓamɓaro yankunan satin ƙarshe daga kwali, na harhaɗa su da guntayensu baki da baki, na shimfiɗa su a ƙasa daga ƙofar falo. Guntayen uku suka faɗo daidai ƙofar ɗakin Mama.

Shekara guda da rabi ke nan da rasuwarta. Ɗakin a rufe yake, makullin yana wurina, kuma ban taɓa buɗe shi ba.

"Ba ƙafa ba ce," Baba ya ce a hankali. "Ni ne. Tun da muka tare a gidan nan ban taɓa wuce ƙofar nan da gudu ba. Ko na makara sai na leƙa na ce mata na fita. Yanzu ba mai amsawa, amma ƙafata ta saba." Ya share ido da bayan hannu. "Ke kuwa da za a ɗaura miki wutsiyar nan, a nan ne taki za ta fi tsawo. Ina ganinki, da gudu kike wuce ƙofar, har numfashi kike riƙewa."

Na sunkuyar da kai. Yaya ma dariyar ta ƙare masa.

Baba ya ce in mayar da guntayen mazauninsu. Na sake manna komai a kan kwalayen, ramin ya dawo tsakiyar zanen. Ya daɗe yana kallo. Sai ya ɗora yatsa a kan yankunan da ke bayan ramin, waɗanda ke hawa kamar matakala, ya kwatanta su da na satin farko.

"Dubi nan. Satin farko sakan shida na yi kafin in koma gudun da nake. Yanzu uku." Ya buga tebur da hannunsa mai lafiya. "Kai! Motar da ta mutu ba ta taka birki ta sake ɗaukar wuta haka. Wannan kika ɓoye mini? Ai shi ne kaɗai abin da zan yarda da shi a duk takardun nan naki."

Ya juya wajen Yaya. "Mayar musu da kekensu, ledar ma tana nan."

Ya lalubo sandarsa, ya yunƙura sau biyu kafin ya miƙe, ya hana mu kama shi. Ya juyo mini da baya, ya nuna bel.

"Ɗaura. Kuma ki ɗauko makullin nan. Yau in na rage gudu, shiga zan yi."