Makon Roron Gyaɗa

Malam Badaru ya goge farantin sola da gefen rigarsa, ya jingina shi a taga, sannan ya juya ya dubi ajin. Benci tara ne, babu kowa a kansu. Wani takalmin roba ɗaya yana yashe a ƙarƙashin allo tun Alhamis.

Shekararsa guda ke nan da baro Bacirawa zuwa wannan firamare ta wani ƙauye a gefen Makoɗa. Ɗakinsa yana bayan ajin, kuma abokin hirarsa bai wuce ƙaramar kwamfutar hannu da wata ƙungiya ta ba makarantar ba. Da ita ya jawo yaran. Yakan ɗauki muryarsu suna ƙirga ko suna waƙar baƙaƙe, ya kunna musu, su yi ta dariya suna nuna juna. Sharaɗin ƙungiyar ɗaya ne: ranar da jami'inta ya zo duba aiki, in bai tarar da yara ashirin ba, za a kai na'urar wata makaranta. Yau ne ranar.

Baba Basiru maigadi ya leƙo, yana taunar goro.

"Malam, har yanzu jira kake?"

"Na gaya musu tun jiya, Baba. Na ce awa ɗaya kawai."

"Su waye suka sa ranar nan? 'Yan ofis ko?" Tsohon ya yi dariya. "An gama cire gyaɗa shekaranjiya. Makon roro ne. Abin da yaro ya tono a gona nasa ne, uwarsa ma ba ta taɓawa. Ko ni da ƙafata na da lafiya, da ba ka gan ni nan ba."

Ya ja sandarsa ya koma gindin darbejiya.

Badaru ya zauna a bencin gaba. Shirun ya dame shi, sai ya kunna darasin makon jiya, ya ƙure sauti. Ajin ya cika da muryoyi. Ɗaya, biyu, uku. Muryar Fadima, 'yar aji biyu mai wushirya, tana riga ta kowa kamar kullum.

Bai ji tsayawar babur ba sai da aka yi sallama. Ya fita da sauri. Malam Zubair ne, jami'in ƙungiyar, ko sauka bai yi ba.

"Madalla, Malam Badaru. Tun daga bakin hanya nake jiyo su. Ba sai na shiga na katse muku ba, makarantu uku ke jirana." Ya miƙo takarda da biro. "Rubuta yawansu ka sa hannu."

Badaru ya karɓa. A bayansa yaran suna kan goma sha bakwai. Ya tuna la'asar ɗin da ake tashi, filin ya zama wayam, shi kaɗai da muryoyin nan. Ya ɗora biron a kan layi, sai kuma ya ɗage shi.

"Babu kowa a ciki, Malam Zubair. Na'urar ce."

Zubair ya sauka, ya leƙa ta taga, ya dawo yana sosa ƙeya.

"Bawan Allah, da ka yi shiru mana."

"Roro suka tafi. Mako mai zuwa duk za su dawo."

"Na yarda. Amma yanzu na gani da idona, kuma takardar ba ta da gurbin roro."

Zubair ya shiga ajin, ya naɗe wayar caji, ya cusa kwamfutar a jakar baya ba tare da ya kashe ta ba, ya ɗaure farantin a bayan babur. Ya kama hanyar da ta ratsa gonaki, muryoyin suna tafe da shi.

Daga bakin aji Badaru ya hango yaran a duƙe cikin kunyoyi, kowa da kwanonsa. Ɗaya bayan ɗaya suka ɗago kai, suna bin babur ɗin da kallo har ya shige cikin dawa.

Can sai ga Fadima ta ratso fili, ƙafafunta duk ƙasa, kwano a ka. Ta tsaya a gabansa tana haki.

"Malam, ina za a kai mu?"

Ya sauke mata kwanon, ya zauna a dakali, ya zube gyaɗar a tsakaninsu.

"Zauna," ya ce. "Mu ga nawa kika samu."