Bugun da Ya Dawo daga Ƙasa

Shekara talatin na yi ina aikin gini kafin ɗiyar ƙanwata, wadda muke tsokana da Dakta, ta ɗauke ni bugun guduma. Ita da abokan aikinta suna binciken wani kufai a bayan tsohuwar tashar jirgin ƙasa, kuma ba sa haƙa sai sun saurari ƙasar tukuna. Sukan kafa ƙananan na'urori a jere kamar turaku, waya ta haɗa su da kwamfutarta, ni kuma in maka guduma a kan farantin ƙarfe. Girgizar ta shiga ƙasa ta dawo, Dakta ta karanta inda bango yake da inda rami yake.

Ranar Laraba da hantsi, a layi na bakwai, na buga. Ta daɗe tana kallon allon.

"Kawu, sau nawa ka buga?"

"Ɗaya mana. Ina na ga ƙarfin biyu?"

Ba ta yi dariya ba. Ta juyo mini da kwamfutar. Ga nawa bugun, ga kuma wani ɗan ƙarami bayan daƙiƙa huɗu, daga can ƙasa.

Muka canza waya, muka sa direba ya kashe mota. Na buga uku. Uku suka dawo, a hankali, kamar na wanda hannunsa ya gaji. Wannan karon har a tafin ƙafata na ji.

Na ce, "Amsa-kuwwa ce ko?"

"Amsa-kuwwa ba ta jira haka, Kawu."

Awon ya nuna ɗaki a zurfin mita uku. Sati biyu ana haƙa da cokalin gini da burushi, har aka tarar da matakala, ƙarƙashinta ƙofa a toshe da duwatsu. Kallo ɗaya na yi wa toshiyar na gane yadda aka yi ta. Daga waje aka yi ta, kuma cikin gaggawa, don har shatin yatsun maginin yana kan yumɓun.

Da aka zare duwatsun, bayansu, ta cikin ɗakin, duk ya farfashe daidai tsayin gwiwa. Ƙasusuwan mutum ɗaya ne a bakin ƙofar, da wani mulmulallen dutse kusa da hannunsa. Dakta ta ce mutumin ya haura shekara ɗari huɗu a wurin. Ta zauna a kan matakalar, ranar ba ta ƙara rubuta komai ba.

Aka kwashe ƙasusuwan zuwa ɗakin bincike. Da hadari ya fara haɗuwa, shugaban aikin ya ce in sake toshe ƙofar kada ruwa ya shiga. Na kwaɓa ƙasa, na ɗauki dutsen farko, hannuna ya ƙi.

"Yallaɓai, a nemi wani," na ce.

Babu wanda ya karɓa. Ƙarshe kwanon rufi muka jingina a bakin ƙofar, na kafe shi da ƙusa ta gefe ɗaya kawai, yadda ko daga ciki aka tura zai buɗe. Dakta tana tsaye tana gani, ba ta ce in ƙara ba.