Abin da Ɗan Fari Ya Sha

Da hantsi aka kira Ɗalhatu ya fito da mota. Shekararsa shida yana tuƙi a wata cibiyar binciken teku a Doha, kuma yawanci aikin bai wuce kai kwalaben ruwa da yashi ɗakin gwaji ba. Ran nan kuwa sai ya tarar da Dokta Sana, shugabar masu binciken, tana loda wuƙaƙe da kuloli da kanta. Mashud, dattijon Zongon Kumasi da ke yi mata aikin ɗakin gwaji, ya shiga gaba.

"Yalla, arewa za mu," in ji shi. "Masunta sun tsinci wani abu."

Abin yana kwance inda ruwa ya ja baya. Baƙi wuluk ta sama, fari ta ciki, da wani farin tabo a bayan ido. Ya fi bijimin sa tsawo, amma Mashud ya ce jariri ne, bai kai wata uku ba. Orka ake ce musu. Ba kifi ba ne, haihuwa suke yi su shayar kamar mutane, kuma ba safai suke shigowa wannan ruwan ba.

Ɗalhatu na riƙe da kula sai ya ji wani huci daga teku, mai nauyi, kamar an sauke numfashin da aka daɗe da riƙewa. Ya waiga. Can nesa wani dogon baƙin abu ya keto ruwa ya nutse.

"Uwan shi ke nan," in ji Mashud. "Kwana biyu tana tura gawan da kai, sai da igiyan ruwa ya ƙwace."

Suna yanka tana zagaye. Dokta Sana ta ciri kitse, ta ciri hanta, ta buɗe tumbi. Babu komai a ciki sai nono, fari mai kauri kamar kindirmo. Har suka rufe kulolin da la'asar hucin bai daina zuwa ba, jefi-jefi.

Tun daga ranar Ɗalhatu ya riƙa jin sa. In ya kunna sanyin mota, yana nan a ƙarƙashin iskar. In ya tsaya a danja a unguwar Mesaimeer, sai ya waiga kujerar baya. Abokan ɗakinsa suka sayo kifi a kasuwar Abu Hamour suka yi miya, ya kai loma baki ya kasa haɗiyewa.

Bayan mako biyar sakamako ya fito. Yana mayar da Dokta Sana ofis, tana karanta takardun a baya, sai ya ji ta yi tsaki. Ya tambaya. Ta yi bayani da Turanci a hankali, Mashud yana cike masa inda bai gane ba.

Guba ce, ta wani tsohon man da ake zubawa a injunan lantarki. An hana shi tun da daɗewa, amma ba ya ruɓewa. Ruwa ya kai shi teku, ƙananan halittu suka sha, kifi ya ci su, babban kifi ya ci ƙarami. Su orka su ne a ƙarshen layi. Waɗanda ke cin ƙananan kifi da sauƙi. Wannan uwar kuwa manyan namun ruwa take ci, don haka duk abin da suka tara ya taru a kitsenta shekara da shekaru.

"To ita me ya sa ba ta mutu ba?"

"Nono daga kitse yake fitowa," in ji Mashud. "In ta haihu na farko, sai ta juye mishi. Ita ta samu sauƙi, shi ya ɗauka."

Ɗalhatu ya gangara gefen titi ya tsaya. Ya ce taya yake son dubawa. Ya zagaya bayan motar ya dafa ta, rana na dukan ƙeyarsa.

Shekara goma sha huɗu ke nan. A ƙauyensu na Zamfara, lokacin da kowa ya koma haƙar zinare, shi ma ya riƙa kawo duwatsu gida a buhu. Matarsa Haulatu ta daka su a tsakar gida, da goyo a bayanta. Ba wanda ya san akwai dalma a cikin dutsen. Rahmatu, 'yarsu ta fari, tana da wata goma sha ɗaya ta fara jijjiga. Kwana uku ta yi. A damunar nan yaran da aka binne a ƙauyen sun fi a ƙirga da yatsu. Da kunyar 'yar fari da nauyin abin, shi da Haulatu ba su ƙara ambatar ta ba. Ko tana raye ma Haulatu ba ta taɓa kiran sunanta ba.

Da ya koma mota ya ce, "Dokta, dalma fa? Tana bin nono?"

Ta dube shi ta madubi. Ta ce ita ba likitar mutane ba ce. Amma a iya saninta kaɗan ce ke bi ta nan, yawanci ƙura ce, wadda yaro ke shaƙa ko ya kai hannu baki. Ba ta tambaye shi dalili ba.

Ranar Juma'a bayan an sauko, ya zauna a inuwar masallaci ya kira gida. Suka gaisa da Haulatu, ta ba shi labarin jarrabawar Jannat, 'yarsu ta biyu. Sai ya fara ba ta labarin dabbar. Da ya zo wajen nonon sai ta katse shi.

"Baban Jannat," ta ce, "me ya sa kake gaya mini wannan?"

"Don na tambaya. An ce ba haka ba ne a wajen mutane. Ƙura ce. Ni na kawo duwatsun."

Ya ji numfashinta ya canza.

"Wata mata ta faɗa mini a wajen zaman makoki," ta ce. "Ta ce nonona ne. Da na haifi Jannat, duk sa'ad da na ɗora ta a nono sai maganar ta dawo mini. Wata bakwai na yaye ta, ka yi ta faɗa, ban gaya maka dalili ba."

"Ba ke ba ce, Haulatu."

"Kai ma ba ka sani ba. Abinci ka fita nema."

Masu shara sun fara naɗe shimfiɗun waje. Can ta ce, a hankali, kamar mai gwada kalmar baƙon harshe, "Rahmatu. Da yanzu ta isa ta taya ni girki."

"Allah Ya sa mai ceto ce."

"Amin."

Hucin bai bar shi gaba ɗaya ba, amma ya ragu. Da sanyi ya shigo, masunta suka aiko wa cibiyar hoton wata orka ita kaɗai, ta nufi mashigar teku. Dokta Sana ta gwada tabon bayanta da na hotunan ranar, ta ce ba za ta iya rantsewa ita ce ba. Ɗalhatu ya roƙi Mashud ya tura masa hoton, ya aika wa Haulatu. Ta amsa da saƙon murya, tana tambaya ko irin su suna sake haihuwa. Ya ce zai tambayo mata ranar Lahadi, in an koma aiki.